Shekara Goma Injiniya Yana Biyan Gidan Da Yake Ciki

Sau tara na kwashe wa mijin yayata kaya daga gidan haya zuwa gidan haya, shi ya sa in ana maganarsa nake ganin ina da ta cewa. Direban motar ɗaukar kaya ne ni, kuma duk wanda zai tashi a danginmu ni yake kira, ba kuma a biyana sai kuɗin mai. Na san kayan Yaya fiye da nawa: gadon ƙarfen da sai an kwance shi gida huɗu, kabad ɗin da madubinsa ya tsage a tashi na uku, da buhun tukwanen da ke amsawa duk ramin da muka faɗa.

Sana'arsa gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki, wadda kowa ke ce wa esi. Injiniya ake kiransa, ko da yake a shagon wani ya koyi aikin tun yana ɗan shekara goma sha biyar. Siriri ne, dogo, kullum da sukundireba a aljihun gaba. Ban taɓa ganin mutumin da zama ba ya kama shi kamarsa ba. In ya zo gaishe da mahaifiyarmu, kafin a kawo masa ruwa ya riga ya leƙa bayan firjinta, ya ɗaure soket, ya tambayi wa ya taɓa fanka. Abinci ma a tsaye yake ci in ba a yi masa magana ba. Yaya takan ce da ta san haka yake da ba ta ɓata kuɗinta a kujeru ba.

Amma yawan tashin nan ba duka ne laifinsa ba, gara in faɗi gaskiya. Wani gidan mai shi ya ninka haya a shekara guda. Wani aka sayar da shi suna ciki, sai ganin baƙi suka yi suna auna tsakar gida. Akwai wanda ruwan sama ke shiga ta silin, har Yaya ta haddace inda ake ajiye kowane bokiti. Sau biyu ne kawai zan ce shi ya ja. Sau ɗaya ya yi faɗa da maƙwabci a kan kuɗin wuta, sau ɗaya kuma haka kawai ya wayi gari ya ce unguwar ta ishe shi. Duk tashi sai an sake wa yaransu uku makaranta. Babbar, mace, firamare huɗu ta zagaya kafin ta gama aji shida.

Ya taɓa gwada sayen fili. Shekara uku yana tari, ya biya dillali, aka ba shi takarda mai hatimi. Ran da muka kai bulo a motata, muka tarar wani ya riga ya haƙa harsashin gini a wurin, shi ma da tasa takardar mai hatimi. Kuɗin ba su dawo ba. Daga ranar, in aka ambaci fili a zance sai ya miƙe ya bar wurin.

Yana da shekara arba'in da uku aka kira shi gyaran esi a ofishin wani kamfanin gina gidaje. Yana kan tsani yana kwance murfi, kunnensa na wurin wani mai kwat da ke yi wa mata da miji bayani. Aikin rabin awa ya ja shi har awa biyu. Da yamma sai ga shi a ƙofar gidana, ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ya ce in taso mu je wurin Yaya, yana son a yi maganar gaban shaida.

"Maman yara, ajiye wankin nan ki ji," ya ce da ita. Ya shimfiɗa wata takarda mai sheƙi a kan tabarma, da hoton fararen gidaje a jere. "Za ka shiga gida kamar ɗan haya. Ka ba da kafin alƙalami, sannan duk wata ka biya. Rabin abin da ka biya haya ne, rabi na sayen gidan. Shekara goma su miƙo maka takarda. Shi ke nan, babu mai sake ƙwanƙwasa mana ƙofa."

Yaya ta goge hannu a zani, ta ɗauki takardar ta jujjuya ta. "Nawa ne a wata?"

Ya faɗa. Ya kusa ninka abin da suke biya a lokacin.

"In wata ya zo ba mu da shi fa?"

"Sai a haɗa da na gaba."

"In na gaban ma babu?"

Ya sosa ƙeya. "Ai sai an yi wata uku a jere tukuna."

"Tukuna me, Malam?"

"Tukuna a ce yarjejeniya ta warware. Abin da aka biya ya zama haya."

"Duka?"

"Ke dai Allah ba zai kawo ranar ba."

Yaya ta juyo wurina. "Auta, kai me ka gani?" Har yau Auta take ce mini, da furfurata da 'ya'yana biyar.

Na ce ni abin bai kwanta mini ba. Sana'arsa ta lokacin zafi ce, in sanyi ya shigo wa ke neman mai gyaran esi? Wurin ma na san shi, na sha kai siminti can. In kwalta ta ƙare sai ka ƙara tafiyar minti ashirin cikin ramuka. Na ce gara ya ci gaba da haya mai sauƙi yana ajiye rara.

"In ajiye a ina?" ya ce, yana zagaya tabarmar. "Shekara goma sha shida ina haya, nuna mini ƙusa ɗaya da na mallaka. Kai kuma dama ba ka son mu zauna wuri ɗaya, kada kasuwarka ta mutu."

"Wace kasuwa? Yaushe ka taɓa biyana?"

Yaya ta yi dariya. Sati biyu ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, shi kuwa yana binta daga ɗaki zuwa kicin da takardar. Ƙarshe ta ce a kai ta ta gani da idonta. Ni na kai su. Ta shiga ɗakunan biyu da falo ta wuce. Da ta shiga kicin sai ta daɗe. Akwai taga, akwai famfo, kuma ba da kowa za ta raba ba. Ta buɗe famfon ta rufe har sau uku, sannan ta fito ta ce, "A ina ake sa hannun?"

Ya sayar da janaretan shagonsa, ita ta sayar da 'yan kunnenta na gwal, aka haɗa kafin alƙalami. Gida mai lamba arba'in da bakwai aka ba su, a layi na uku. Gidajen duk iri ɗaya ne, har autansu ya yi sati yana shiga gidan maƙwabta in ya dawo daga makaranta. Da na sauke gadon ƙarfen, Injiniya ya dafa motata ya ce, "Direba, na yi mata sallama. Ba za ta sake ganin kayana ba."

Na ɗauka yanzu zai huta. Ashe tashin hankalin ne ya sauya kama. A da yana jin tsoron mai gida sau ɗaya a shekara, yanzu kuwa kowane wata yana da ranar biyar ga wata, ranar biyan kamfani. Tun daga ashirin ga wata zai fara lissafi da baki yana tafiya. Shagonsa yana cikin gari, tafiyar awa guda a babur, ya fita gari bai gama wayewa ba ya dawo yara sun yi barci. Lokacin zafi abin yana tafiya, har a ajiye wani abu. Da sanyi ya shigo sai ya koma karɓar duk aikin da ya samu: haɗa wayar wuta, gyaran injin ruwa, har dutsen guga. Rasit ɗin kowane wata yana sa shi a leda, ledar a gwangwani, gwangwanin a saman kabad, kuma a sati sai ya sauko da shi sau biyu ya duba ko suna nan.

A shekara ta biyu bangon falo ya tsage tun daga taga har ƙasa. Ya je ofis, suka nuna masa inda aka rubuta cewa gyara na mai zama a ciki ne. Ya sayi siminti ya gyara. Bayan 'yan watanni ya ga unguwar ta fara cika, ya ce bari ya kafa 'yar rumfa a gaban gida ya riƙa karɓar gyara a nan. Kwana huɗu da kafawa aka kawo masa wasiƙa ya cire, wai gidan na kamfani ne har sai ya gama biya.

"Ka ji fa," ya ce da ni muna sauke kwanon rumfar. "In bango ya tsage, gidana ne. In zan kafa rumfa, gidansu ne. Ni yanzu ban san ko mai gida ne ni ko ɗan haya ba. Wahalar duka biyun dai nake sha."

Maƙwabcinsu na lamba arba'in da takwas mai ɗaukar hoto ne, dattijo mai sanyin magana, ya riga su shiga da shekara guda. Sana'arsa ta yi ta ja da baya tun da kowa ya koma ɗaukar hoto da waya. A shekararsa ta biyar ya kasa biya wata ɗaya, ya kasa na biyu, a na uku ya kai rabi suka ƙi karɓa. Ba a yi hayaniya ba. Wasiƙa ce ta zo, bayan wata guda wasu mutum biyu suka zo karɓar makulli. Ni aka kira kwasar kayan. Dattijon da kansa ya hau kujera yana kwance ƙarafan labulen da ya sa, hannunsa na rawa, Injiniya ya karɓi aikin ya ƙarasa masa. Da za mu tashi ya nuna wa Yaya bishiyar lemon da ya shuka a bayan gida, ya ce in ba damuwa ta riƙa watsa mata ruwa ta kan katanga, bana ne za ta fara 'ya'ya.

Daga ranar Injiniya ya ƙara rikicewa. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Yaya ta ce ko cikin barci ƙafarsa ba ta daina motsi. Ya fara karɓar aikin da a da yake ƙi, wato hawa dogayen benaye yana maƙala esi a bango ta waje, domin an fi biya. Na yi masa magana, ya ce, "Ka ga hannun mai hoto ranar nan? To ni ba za a ga nawa haka ba."

A shekara ta shida, wata ranar Talata da hantsi, tsani ya zame da shi daga hawa na biyu. Ƙashin cinyarsa ya karye gida biyu. Aka yi tiyata aka sa ƙarfe, ɗan abin da suka ajiye ya tafi a asibiti. Likita ya ce wata uku a kwance, ko taka ƙafar kada ya yi.

Mutumin da ba ya iya zaman minti biyar, ga shi an shimfiɗe shi yana kallon silin. Ya ƙirga allunan silin ɗin, ya gano biyu a karkace suke. Ya sa aka kawo masa rediyon gidan ya kwance ya mayar, alhali lafiyarsa ƙalau. Watan farko ya wuce ba a biya kamfani ba.

Yaya ce ta kira ni ta ce in je shagonsa in kwaso mata manyan firiza uku da masu su suka watsar shekara da shekaru. Abu ɗaya da unguwar ke da shi, ba a cika ɗauke wuta ba. Ta ce ƙanƙara za ta riƙa yi tana sayarwa, kuma a falo za ta jera su, ta ga wanda zai aiko mata wasiƙa a kan falonta.

"Wa zai gyara su?" na tambaye ta.

"Ga mai baki can a kwance, ga ni da hannu."

Haka aka yi. Muka jawo gadonsa zuwa bakin ƙofar ɗaki yadda zai hango falo. Yaya ta ɗaure zani ta durƙusa a bayan firiza da sufana, shi yana ba da umarni kamar zai tsinke.

"Ba wannan ba! Jar wayar na ce, ja!"

"Malam, duk jajaye ne, tsatsa ta cinye su."

"Ta hagunki! Ke wai ina hagunki yake?"

"In ka ƙara yi mini tsawa zan rufe ƙofar nan in yi yadda na ga dama."

Sai ya ce a hankali, "Maman yara, don Allah, ta hagun."

Kwana tara suna wannan. Biyu suka tashi, ta ukun ta ƙi, aka cire mata kaya aka ƙara wa sauran. Yaya ta fara kai ƙanƙara mahaɗar titi, wurin masu kifi da masu sayar da lemo. Kuɗi suka fara shigowa, amma na cefane ne da magani. Wata na biyu ma ya wuce. Da na uku ya rage kwana goma sha ɗaya, muka zagaya dangi, na sa abin da nake da shi, aka haɗa kuɗin wata ɗaya da 'yan kai. Injiniya ya ce shi ba zai aika kowa ba, a kai shi ofishin. Muka shimfiɗa katifa a bayan motata muka ɗora shi kamar kaya, duk ramin da na shiga sai ya kira sunan Allah sannan ya zagi tuƙina.

Mai kwat ya daɗe da barin kamfanin. Wata mata ce manaja yanzu, mai tabarau, ba ta da yawan murmushi amma ba ta da ɓoye-ɓoye. Da ta ji an ce a mota yake, ta fito da fayil ɗinsa ta tsaya a bayan motar cikin rana. Injiniya ya ce, tunda ya biya fiye da rabin shekarun, ai ya mallaki fiye da rabin gidan, a duba masa.

"Baba, ba haka lissafin yake ba," ta ce. "A shekarun farko yawancin abin da kake biya haya ne da kuɗin hidima. Sai can gaba na sayen yake yawa. Yanzu abin da ka biya na gidan ya ɗan haura kashi ɗaya cikin uku."

"An ce mini rabi da rabi."

"Wa ya ce?"

"Wanda ke kujerar nan kafin ke."

Ta buɗe yarjejeniyar ta miƙa masa shafi na goma sha ɗaya, da sa hannunsa a ƙasa. Ya karanta yana kwance, takardar a saman fuskarsa, ya daɗe bai sauke ba. Ni dai na kau da kai ina duba tayar mota.

Matar ta ce ya biya wata ɗayan yau, ukun ba za su cika a jere ba. Biyun da suka wuce, in ya kawo takardar asibiti, za ta mayar da su ƙarshe da tara a kai, amma sau ɗaya take da ikon yin haka. Sannan ta ƙara da wata magana da ta hana gidan zaman lafiya na sati biyu. Ta ce tun da aka shimfiɗa kwalta har unguwar, gidajen sun yi daraja, akwai masu neman wanda zai sallama musu gurbinsa su biya shi su ci gaba, kuma kamfani yana yarda.

Ba a kwana uku ba sai ga wani mai kantin magani ya zo har gida da tayi. Kuɗin da ya ambata Injiniya bai taɓa riƙe irinsu a dunƙule ba. Nan take idonsa ya buɗe. Ya ce a sayar, su kama haya kusa da shago, ya sayi sababbin kayan aiki da janareta, ya huta da biyar ga wata. Yana kwance yana zana yadda zai tsara shagon a bayan kwalin magani.

Yaya ta bar shi ya gama, sannan ta ce, "Ka sayar, Malam. Amma ka gaya wa mai sayen akwai mace ɗaya da firiza biyu a ciki, ba sa fita."

"Ana maganar hankali kina wasa."

"Ba wasa nake ba." Ta zauna a bakin gadon. "Shekara shida ke nan duk wanda ya neme ni ya san inda zai same ni. Yaran nan sun yi abokai, ba a raba su ba. Ina da masu jirana da safe a bakin titi. Kuɗin nan da kake gani, shekara nawa za su yi a hannunka? Uku? Daga nan mu koma jiran notis, kai da ƙarfe a cinya." Ta juyo wurina. "Kai kuma Auta, in ka kawo motar nan ƙofar gidan nan da niyyar kwasar kaya, ni da kai ne."

"Ni me na yi? Dubiya na zo."

Ya yi fushi, ya juya fuska bango, ya yi kwana goma ba ya magana sai dole. Bai taɓa cewa ya janye ba. Mai kantin maganin dai ya yi ta kira ba a ɗauka, har ya gaji ya sayi na wani a layi na biyar.

Da ya miƙe, da sanda ya miƙe, kuma tsani ya haramta gare shi. Ya rufe shagon cikin gari ya kama wani ɗan ƙarami a mahaɗar titin unguwar, inda yanzu akwai jama'a. Abin da yake samu bai kai na da ba. Ƙanƙarar Yaya ce ta riƙa ɗaukar rabin biyan wata, firiza suka zama huɗu, falon ya koma ba wurin zama sai wurin wucewa a karkace.

Akwai abin da ba ya son a tuna masa. Babbar 'yarsu ta ci jarrabawar shiga jami'a a shekara ta bakwai, aka zauna aka duba, kuɗin makaranta da biyan gida ba za su haɗu ba. Ita da kanta ta ce a bari. Shekara biyu tana aiki a wani shagon buga takardu kafin ta tafi, ƙawayenta sun yi mata nisa. Ba ta taɓa yi masa gori ba. Shi ne dai in ta zo hutu ba ya iya haɗa ido da ita sosai, sai ya ɓige da tambayarta ko fankar ɗakinsu na makaranta tana aiki.

Sun gama biya a shekara goma da wata biyar, har da watannin da aka ɗage da tararsu. Ya ɗauka washegari za a ba shi takarda. Sai aka ce akwai kuɗin lauya, da na hatimi, da na rajista, kuma fayil ɗin yana wani ofis wurin wani da ya tafi hutu. Wata goma sha huɗu yana zirga-zirga da sandarsa, har masu gadin suka san shi suna ajiye masa kujerar da ba ya zama a kai. Ran da aka ba shi ba na gari, a waya ya gaya mini. Na ɗauka zan ji murna, sai na ji yana cewa an yi kuskuren harafi ɗaya a sunan layin, ko ya koma a gyara?

Yanzu shekararsa hamsin da biyar. Masu son shiga irin wannan tsari sukan zo shagonsa neman shawara, kuma amsar ta danganta da ranar da ka same shi. In ƙafar na ciwo zai ce maka ya biya kusan ninki biyu na kuɗin gidan, ya ba da cinya, ya ba da shekara biyu na 'yarsa, kuma da matarsa ba ta iya riƙe sufana ba da yanzu wani ne a ciki. In ya tashi da daɗi zai ce, da bai shiga ba, kuɗin da sun tafi a haya ko ta yaya, kuma yau ko an ninka masa abin da ya biya ba zai sayar ba. Duka biyun da gaske yake faɗa.

Wata biyu da suka wuce mai gidan da nake haya ya rasu, magada suka ce za su raba, suka ba ni wata huɗu. Wani kamfanin daban ya buɗe irin wannan tsari can gaba da unguwarsu Yaya, na je na karɓo yarjejeniyar na kawo masa shago. Ya karanta shafi ashirin da biyu a tsaye, jingine da wata firji, yana ja wa wasu layuka biro.

"Direba, shekarunka nawa?"

"Arba'in da tara."

"Motar fa?"

"Ta girmi ɗana na biyu."

"In ta kwanta wata uku, wa zai biya? Matarka tana da abin yi?"

"Tana ɗinki kaɗan-kaɗan."

"Kaɗan-kaɗan," ya maimaita, yana buga sandarsa a ƙasa. Ya ce abu uku za mu je mu tambaya, kuma a rubuce muke so, ba da baki ba: nawa ne na saye a cikin biyan kowane wata tun daga watan farko, me za a mayar mini in na kasa, da wanda zai biya kuɗin takardu a ƙarshe.

Muka je tare. Ya tsare wani saurayin ma'aikaci da tambayoyi har sai da ya kira na gaba da shi. Sun yarda su rubuta na farko da na uku. Na biyun suka ce tsarin kamfani ne, ba a mayar da komai. A hanyar dawowa na ce, "To Injiniya, in sa hannu ko kada in sa?"

"Ni na isa in gaya maka? Tsaya nan, tsaya! Ga allon tallan wani kamfanin can, bari mu ga nasu sharuɗɗan."

Sau biyu ya tsayar da ni kafin mu iso, ya sauka da sandarsa yana kwafar lambobin waya. Har yau ban sa hannu ba. Yarjejeniyar tana cikin mota a bayan kujera, nakan ciro ta in ina jiran lodi. Shi kuma yana kirana sau uku a rana, da safe ya ce ya yi tunani in shiga kawai, da rana ya ce in dakata tukuna. Matata dai ta fara bin shaguna tana roƙon kwalayen haɗa kaya.